Zama na Ashirin da Tara

Zongo, Wagadugu
12 ga Safar, 1424

Zuwa ga ɗana Waliyullahi, a Agadas.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda bana ya zo da ƙarfinsa. Ruwan randa ma da la'asar kamar an sauke shi daga murhu. Ƙafata ta yi sauƙi. Ƙanwata Hawa, uwarka, ta zo daga unguwar Cissin ta yi mini kwana uku bayan sadakar arba'in, ta koma.

Takardarka ta ta'aziyya ta iso ta hannun Maman direban motar albasa. Kada ka ƙara damun kanka da rashin zuwa jana'iza. Malam ya cika da hantsi, kafin azahar an kai shi. Ya san ɗan da ya rena tun yana shekara huɗu, ba sai ka zo ka tsaya a kansa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kwamfutar nan da ka bari a ɗakin Malam, wadda ka ɗauki tafsirinsa na azumin da ya wuce a cikinta, zama ashirin da tara. Tun da aka yi arba'in gida ya yi shiru, sai na ɗauko takardar da ka zana mini, na bi ta daki-daki: in danna babban maɓalli, in jira, in ja ɓeran zuwa kan akwatin nan ruwan ɗorawa, in danna sau biyu. Wali, sai ga muryarsa. Har gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Ban san lokacin da na gyara lulluɓina ba.

Kullum bayan la'asar nake jin zama ɗaya. Har na bakwai ba abin da ya faru. Daga na takwas ta fara mutuwa da kanta, Malam yana tsakiyar magana sai ɗif, allon ya yi baƙi. In na sake kunnawa sai in koma farkon zaman, don ban san yadda ake komawa inda aka tsaya ba. Wani lokacin tana gurnani kafin ta mutu.

Ba wai na wulaƙanta ta ba. Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a kan akwatin littattafan Malam, ba na taɓa ta sai da alwala, na kuma ɗinka mata riga.

Ka san ranar rufe tafsirin zazzaɓi ya kwantar da ni, ban je ba. Matan unguwa suka ce a addu'ar rufewa Malam ya ambaci sunana a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara talatin da ɗaya. Kowace na tambaya abin da ya ce, sai ta faɗi nata daban. Shi kuwa kunya ta hana ni tambayarsa, har ya tafi. Kai kana wurin, amma kada ka rubuto mini. Na fi so in ji daga bakinsa, in na kai na ashirin da tara.

Takaba ba za ta bar ni in fita neman mai gyara ba sai farkon Jimada. Ka faɗa mini abin da zan yi daga nan cikin ɗaki.

Innarka,
Ƙaltume

*

Agadas
29 ga Afrilu, 2003

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki ya haƙuri. Na ji daɗin labarin ƙafar. Ni ma lafiyata ƙalau, aikin biro, wato ofis, ne kawai ya yi yawa. Na karanta takardarki sau uku, na kai wajen gyaran lulluɓi sai da na fita waje.

Ni zargina yana kan kuran, wato wutar lantarki. Kin san lokacin zafi wutar Zongo takan yi ƙasa ta yi sama, kowa ya kunna fanka. Ki duba mini abu uku. Na ɗaya, in ta mutu, ƙwan ɗakin yana rawa ko yana nan daram? Na biyu, wayar nan mai baki uku da na haɗa ta da ita, ki cire rediyo da fanka daga jikinta, ki bar kwamfutar ita kaɗai. Na uku, ki gwada kunna ta da safe maimakon la'asar, lokacin mutane ba su fara jan wuta ba.

Rigar da kika ɗinka mata kin kyauta. Mu ma nan biro haka muke rufe namu in mun tashi.

Yanzu ga abin da ya fi komai, Inna. Muryar Malam ba ta ko'ina sai cikin akwatin nan. Na yi niyyar juye ta a faifan sede tun bayan sallah, na ce sai na dawo konje, wato hutu, ga shi. Saboda haka kada ki ba kowa ita, kowa kuwa. Masu gyara da yawa da sun ga abu ya yi gardama sai su ce a yi formate, wato a share duk abin da ke ciki a fara sabo. Minti biyar ya isa a rasa azumi guda. Ki bar ta a ɗaki har in zo a watan Agusta.

Kuma ai ba dole ba ne ki bi su a jere. In kin buɗe akwatin nan ruwan ɗorawa, ki ja ɓeran ƙasa, na can ƙarshe shi ne na ashirin da tara. Ki ji shi gobe ma, hankalinki ya kwanta, sannan ki koma kan sauran.

Ki gaishe mini da Zalissa maƙwabciya da maigidanta.

Ɗanki,
Wali

*

Zongo
14 ga Rabi'ul Awwal

Ɗana Wali,

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Muna lafiya. An yi Mauludi, ni daga ɗaki na ji shi. Zalissa ta aiko mini da tuwo da miyar kuka, ta ce in gaya maka ta amsa, kuma wai yaushe za ka kawo mata suruka ta gani.

Na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Ƙwan ɗaki ba ya rawa, na zuba masa ido sau shida. Rediyo da fanka na cire, fankar ma na mayar da ita ɗakina gaba ɗaya don kada ta ja mata wuta. Da safe kuwa ka yi gaskiya, ta fi daɗewa. In na kunna da gari ya waye, wani lokacin takan kai ni ƙarshen zama. In rana ta ɗaga, ko rabi ba ta kaiwa. Akwai zaman da sai da na fara shi sau biyar. Yanzu ina na goma sha tara.

Maganar in tsallake zuwa na ƙarshe, Wali, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Na kai ɓeran har kansa, hannuna ya ƙi. Malam bai taɓa barin ɗalibi ya ƙetare shafi ba, ko ni da nake matarsa, in na ce na san wannan wurin sai ya ce to karanta mu ji. Yaya zan ƙetare masa zama goma don ina ɗokin jin sunana? In na kai, na kai.

Na ji daɗi da ka yaba rigar, don na sha wuyarta. Da gwadon Malam na yi ta, baƙin nan mai nauyi na saƙi, na ninka shi biyu na sa auduga a tsakani, yadda ake yi wa gafakar Alƙur'ani. Ta rufe akwatin ruf, gaba da baya da gefe, ƙofa biyu kawai na bari, ta maɓalli da ta wayoyi. Ka ce ku kuna rufe naku in kun tashi. Ni tawa ba na cire mata ko tana aiki, don a ganina lokacin da ake karanta maganar Allah a cikinta ya fi cancanta a same ta a suturce. Tun ina zama na bakwai na gama ɗinkin na sa mata.

Abu ɗaya da ban faɗa maka ba: in ta mutu na dafa ta, jikinta zafi rau, kamar yaro mai masassara. Shekaranjiya har wani ƙauri-ƙauri na ji. Na so in turara ɗakin, na tuna ina takaba, na fasa.

Zalissa ta shigo ta tarar da ni zaune gabanta, ta ce, "Yaya, wannan zaman jinya kike yi ko sauraron karatu? Bari maigida ya ɗora ta a babur ya kai wa Shitu mai gyara a unguwar Paspanga, kafin azahar ta dawo." Na ce Wali ya ce kada a ba kowa. Ta ce, "Wali yana Agadas, ita tana nan tana nishi." Na ce duk da haka. Ta tafi tana mita da Mosanci don kada in ji, alhali ta san ina ji.

Saura goma. Ka sa ni a addu'a.

Innarka,
Ƙaltume

*

Agadas
30 ga Mayu

Inna,

Gaisuwa a gurguje, Maman yana ɗaure kaya.

Ki cire mata rigar nan yanzu, kafin ki ƙarasa karanta takardar nan. Kada ki sake kunna ta, ko sau ɗaya. Ba kuran ba ne, zafi ne. Akwai ƙaramar fanka a cikinta da take fitar da zafi ta ramukan baya da na gefe, gwadon ya toshe su, numfashi take nema. Kowace mutuwa da take yi tana cin wurin da muryar take. Laifina ne, kin rubuta riga, ni na ɗauka irin tamu ce, ban tambaya ba. Har fankar ɗakin na sa kika ɗauke.

Na janye maganata. Ki ba mijin Zalissa ya kai wa Shitu yau, ya ce masa kada ya yi formate, ya fara juye abin da ke ciki tukuna.

Kwana biyu ina buga wayar telesantar, shagon wayar nan na bakin masallaci, don a aiko miki, ba a ɗauka. Wani ya ce mai wurin ya rufe ya tashi, tun da aka fara maganar rushe unguwa.

Babu rashin ladabi a barin ta ba riga, Inna, na rantse miki.

Wali

*

Zongo
6 ga Rabi'us Sani

Ɗana Wali,

Ina gaishe ka. Shiru ban ga amsarka ba, Maman ma bai shigo ba, ina fatan lafiya. Wannan ta hannun wani mai goro na ba da ita. Jikina lafiya.

Jiya da safe ina tsakiyar na ashirin da shida ta mutu. Na jira ta huce yadda na saba, na kunna. Hoton da take fara nunawa bai fito ba. Allon baƙi, da rubutun boko fari layi biyu a sama. A cikinta kuma wani ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Na kashe na kunna sau tara tsakanin jiya da yau, haka nan. Na kwafe maka rubutun a bayan takardar nan, harafi bayan harafi, kamar mai zane, don ban san abin da yake cewa ba. In wani ya karkace ka yi mini uzuri.

Ban ba kowa ba, tana nan yadda ka ce.

Wali, na ce kada ka rubuto mini abin da Malam ya faɗa ranar rufewa. In ka duba rubutun nan ka ga ba za ta tashi ba, to na janye. Ka rubuto. Ko ba da muryarsa ba, in dai kalmominsa ne.

Innarka,
Ƙaltume

*

Agadas
22 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Na samu labari motar Maman ta lalace a Dosso, ya yi kwana goma sha ɗaya yana jiran ƙarfe. Yanzu na san tawa ta iso, kin kuma san abin da ke ciki.

Rubutun da kika kwafe ya fito sarai, ko harafi ɗaya bai karkace ba. Cewa yake na'urar ta nemi ma'ajiyarta ba ta same ta ba. Ƙarar nan kuma daga ma'ajiyar take fitowa. Ba zan ɓoye miki ba, alama ce marar kyau. Amma a kai wa Shitu, wani lokacin akan dace.

Abin da kika roƙa, kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Inna, ban riƙe ba. Ranar ina zaune gefen Malam, amma idona yana kan allon, ina tsoron kada wurin ajiya ya cika kafin ya shafa. Na ji ya ce Ƙaltume, na ji masallaci ya yi tsit, sannan aka ce amin da ƙarfi, tsoho Hamadu ladan yana share ido da hannun riga. Abin da ke tsakanin sunan da amin ɗin, ban saurara ba. Na ce a raina ai yana ciki, zan ji daga baya.

Zan iya haɗa miki magana mai daɗi in ce ita ce. Ke kika hana ni ƙarya tun ina ƙarami, kuma da kin gane.

Ki yafe mini.

Wali

*

Zongo
8 ga Jimada Ula

Ɗana Waliyullahi,

Gaisuwa da sa albarka. Takardunka biyu suna hannuna. Na fita takaba ranar Laraba, lafiya lau, uwarka ta zo ta yi mini kitso.

Fitata ta farko Paspanga na yi. Ban aika ba, na ce ni na yi jinyarta, ni zan kai ta. Zalissa ta raka ni, muka sa ta a tasi, akwatin a kan cinyata. Titi ya yi mini faɗi, Wali, wata huɗu ban ga mota ba.

Shitu mutum ne mai fara'a. Ya kwance ta, ya leƙa, ya sa yatsa ya juya 'yar fankar, ta ƙi juyawa. Ya ce, "Tanti, wannan a tanda kike ajiye ta? Ai ko masa aka zuba a nan ta gasu." Zalissa ta ce, "Kai gyara aka kawo maka ko surutu? Uwarka ce tsaye." Na ce ta bar shi, tambaya ya yi, kuma yana da hakkin amsa. Na faɗa masa komai, gwadon da audugar, da dalilin da ya sa, da abin da ke ciki. Bai sake dariya ba. Ya ba ni kujerarsa.

Ya ciro wani ƙarfe mai kamar tafin hannu, ya ce duk abin yana nan. Ya haɗa shi da tasa na'urar, ya gwada, ya canza waya, ya kai wa maƙwabcinsa, ya dawo. Tun hantsi har aka kira la'asar. Daga ƙarshe ya kara shi a kunnensa kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci, ya ce, "Tanti, se fini, ya ƙare. Allurar da ke karantawa ta kakkarce wurin. Da wata biyu da suka wuce ne, da na juye miki shi tas." Zalissa ta dube ni. Allah ya saka mata, har muka iso gida ba ta ce ai na faɗa miki ba.

Ka ce in yafe maka. Me zan yafe? Kai ka zauna kwana ashirin da tara kana tsaron muryarsa don in samu. Saboda kai na ji zama ashirin da biyar da rabi, wasu ma sau biyar-biyar. Ni na ɗinka rigar da hannuna, na toshe mata numfashi ina ganin ladabi nake yi. Ni kuma na kai ɓeran kan na ƙarshe na janye. Na yi ta juya wannan a raina. Wani lokacin in ce da na danna. Wani lokacin in ce da na danna, da wane ido zan dubi Malam. Har yau ban tsaya a kan ɗaya ba, ba kuma zan ce maka na tsaya ba. Na gode da ba ka haɗa mini magana ba.

Shitu ya ce zai sa mata sabon ƙarfe ta tashi kamar da, amma ba kowa a ciki. Na ce ya riƙe ta sai ka zo, taka ce. Tsohon ƙarfen na karɓo, don na ga kwalin da yake jefa irinsu a ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafafunsa.

Jiya na je wajen Liman na tambaye shi yadda ake yi da shi. Ya daɗe yana juya shi a hannu, ya ce bai taɓa cin karo da wannan mas'ala ba, amma a ganinsa a yi masa yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu da suka ƙare: a binne a wuri mai tsarki da ba a takawa. Tsakar gidan nan ba zai yiwu ba, an riga an shafa wa bangonmu jan fenti, an ce bayan damina za a rushe. Ɗakin da uwarka ta samo mini a Cissin kuwa na haya ne, siminti ne har bakin ƙofa.

To ga abin da nake roƙo. In ka zo a Agusta, ai za ka ziyarci Malam. Ni mace ce, ba na shiga maƙabarta, ban ma san inda yake kwance ba sai kwatance. Ka tafi da ƙarfen. Ka haƙa ɗan rami ta wajen kansa, ba mai zurfi ba, kada ka matsa masa. Zama uku da rabi suka rage mini. Ka mayar masa da abinsa, in Allah ya haɗa mu sai ya ƙarasa mini.

Allah ya kawo ka lafiya.

Innarka,
Ƙaltume